Ungozoma Ba Ta Ƙi Tura Saƙo Ba, Shirun Da Ke Biyo Baya Ne Ya Ishe Ta

A makon jiya na ji wani jami'in lafiya a rediyo yana bayanin abin da ke sa rahotannin asibitocin karkara makara. Da mai gabatar da shirin ta matsa masa, sai ya ce wai laifin ungozomomi ne, ba sa son sabon abu, an ce su riƙa turo alƙaluma ta saƙon tes amma sun nace wa biro da takarda. Ya faɗi haka ya wuce, babu wanda ya ce masa kanzil. Ni kuwa maganar ta tsaya mini a rai, domin yayata ungozoma ce a wani asibitin ƙauye, kuma na san wayarta ba ta hutawa dare da rana.

Ina goyon bayan a riƙa tura bayanan lafiya ta tes, babu ko tantama. Abin da ban yarda da shi ba shi ne yadda kullum ake tambayar ko ungozomomi za su karɓa, kamar a wurinsu cikas ɗin yake. Matar da ke kiran direba da ƙarfe biyun dare, ta tura wa mijin mai naƙuda saƙo ya nemo masu ba da jini, ta ga shigar albashinta ta waya, ba ita za a koya wa amfanin waya ba. Tana ja da baya ne idan ta lura saƙon kuɗinta yake ci, lokacinta yake ci, sannan can inda yake sauka babu wanda ke motsawa.

Yadda bayani ke tafiya yanzu

A kan teburin ungozoma akwai manyan littattafan rajista: na awo daban, na haihuwa daban, na rigakafi daban, na tazarar haihuwa daban. Idan wata ya ƙare sai ta zauna ta bi su layi-layi tana ƙirgawa, ta cike fom ɗin wata, a ba ɗan acaba ko ita da kanta ta kai sakatariyar ƙaramar hukuma. A can ne wani jami'i zai shigar da shi cikin manhajar DHIS2 da ƙasar ke amfani da ita, in akwai wuta, in akwai data.

Ke nan matar da jini ya ɓalle mata ranar uku ga wata, ba za ta zama lamba a idon hukuma ba sai tsakiyar watan gobe. Kafin nan an yi sadakar bakwai, ana shirin ta arba'in.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mata kusan 75,000 ne suka rasu a Nijeriya a 2023 sanadin ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duk irin wannan mutuwa a duniya. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 kuma ya nuna cewa a Arewa maso Yamma haihuwar da ake yi a asibiti ba ta kai ɗaya cikin biyar ba. Ɗan abin da ungozoma ke gani shi ne kusan duk abin da gwamnati ke iya gani. Jinkirta shi na makonni shida ganganci ne da rai.

Wai ba su iya ba

Wannan ce hujjar da aka fi saurin kawowa, kuma ita ce mafi rauni.

A gundumar Bong ta ƙasar Laberiya, masu bincike daga Jami'ar Michigan ta Amurka sun koya wa ungozomomin gargajiya, waɗanda da yawansu ba su yi boko ba, yadda za su riƙa tura jerin lambobi ta tes don sanar da masu juna biyu a ƙauyukansu. Sun koya, sun tura. A gundumar Sene ta Ghana an yi makamancin haka da masu karɓar haihuwa, suna turo rahoton zubar jini bayan haihuwa. Ko a gida ma ba baƙon abu ba ne. A 2009 an yi amfani da RapidSMS, wani tsarin tattara bayanai ta tes, a Kano wajen bin diddigin rabon gidan sauro, kuma a 2011 ma'aikatan Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa suka fara turo adadin rajistar haihuwa ta wannan hanya.

Idan tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba ta iya, yaya za a ce wadda ta yi shekaru a makarantar koyon ungozomanci, take lissafa adadin maganin da za ta ɗura wa mai jijjiga, ta kasa?

Gaskiya ne ana samun kuskure. Wata ta sa lamba a gurbin da ba nata ba, wata ta manta tazarar da ake bari tsakanin lambobi, na'ura ta ƙi karɓa. Amma a duba yadda ake horarwar. A tara mutane a otal na yini guda, a raba musu jaka da kuɗin mota, a watse. Bayan wata uku an yi wa wadda aka horar canjin wurin aiki, wadda ta gaje ta ba ta ma san da zancen ba. Maganin wannan ba shi da tsada: gajeren tsari, kwali ɗaya a manne a bango mai nuna misali, da amsa nan take cikin Hausa da za ta ce mata ga inda kuskuren yake, ta gyara.

Me ya sa tes, a zamanin WhatsApp?

Matasa masu harkar kwamfuta kan ce tes ya tsufa, a ba su manyan wayoyi da manhaja. Na fahimci kwaɗayin, amma duk wanda ya kwana a ƙauye ya san ƙaramar waya mai madannai ita ce sarauniya. Cajinta yana kwana uku, tana faɗuwa ta tashi, ɓarawo bai damu da ita ba, kuma inda sabis ya ɗan leƙo da sanda ɗaya saƙo zai fita. Manyan wayoyin da ƙungiyoyi ke rabawa, wasu gilashinsu ya fashe, wasu suna kulle a durowar shugaban asibiti don tsoron kada a ce shi ya lalata.

Tes ba ya ɗaukar fiye da haruffa 160. Ni a ganina wannan alheri ne, domin yana tilasta wa masu ofis su zauna su zaɓi abin da ba zai iya jiran ƙarshen wata ba: mutuwar uwa ko jariri, mace da ke buƙatar a kai ta babban asibiti yanzu, maganin da ya ƙare. Sauran su bi hanyarsu. Inda akwai wuta da data, a yi manhajar, babu laifi.

Kaya a kan kaya

Nan ne maganar take da nauyi, nan ne kuma aka fi kauce mata.

A 2009 Hukumar Kula da Lafiya a Matakin Farko ta Ƙasa ta ƙaddamar da shirin tura ungozomomi karkara, wanda aka fi sani da MSS. An ɗebo sabbin da suka gama makaranta, da waɗanda ba su da aiki, da waɗanda suka yi ritaya, aka tsara kowane asibiti ya samu huɗu don a riƙa karɓa-karɓa dare da rana. Tsari ne mai kyau. Amma je ka zagaya yau, za ka tarar da asibitocin da ungozoma ɗaya ce tal, ita ce ta safe, ita ce ta dare, ita ce mai awo, ita ce mai ba da magani.

Na taɓa kai wa yayata ziyara ya dace da ƙarshen wata. Bayan sallar isha'i ta shimfiɗa tabarma a barandar asibitin, ta kafa tocilar waya a kan gwangwanin madara, ta baje littattafan rajista. Tana bin layi da yatsa, tana ɗiga alama a bayan wata tsohuwar takarda, biyar-biyar. Tana cikin ƙirga masu awo aka shigo da mai naƙuda a amalanke. Ta rufe littafin ta shiga. Da ta fito, hannunta na warin sabulu, ta rasa inda ta tsaya, ta koma farko.

Wannan matar ce ake so ta ƙara da tura tes. Kuma ba a ce mata ta bar komai ba. Fom ɗin wata yana nan. Fom ɗin ƙungiyar da ke tallafa wa rigakafi yana nan. Na masu zazzaɓin cizon sauro daban, na masu tamowa daban, kowa da ranar da yake son nasa, kuma sau da yawa lamba ɗaya ce take rubutawa a wurare uku. Idan ta yi tsaki da aka kawo na huɗu, sai a rubuta a rahoto cewa ba ta karɓi fasaha ba.

Ya kamata ya zama doka: duk saƙon da aka ƙara mata, a ɗauke mata takarda ɗaya a madadinsa. Masu cewa takarda ita ce shaida idan an zo bincike suna da gaskiya, kuma ban ce a yar da rajista ba. Rajista ta zauna a asibiti, mai bincike ya zo ya duba. Abin da ya kamata ya mutu shi ne kwafe-kwafen nan, da tafiyar yini guda zuwa sakatariya wadda ke barin asibiti babu kowa.

Kati, caji da sabis

A farkon 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta amince wa kamfanonin waya su yi ƙarin kashi 50 cikin ɗari, kuɗin tes ya tashi daga naira huɗu zuwa shida. Wani zai ce naira shida ai ba kuɗi ba ce. Ga mai albashi a kan kari, haka ne. Amma ungozomomin MSS da yawa sun sha jiran alawus ɗin da jihohi da ƙananan hukumomi suka yi alkawari bai zo ba, har wasu suka bar aikin. Wadda ta ga haka, idan aka ce ta yi wa gwamnati aiki da katinta za a biya ta daga baya, ta san me ake nufi da daga baya. Ga kuma kuɗin mai caji a kasuwa, tunda asibitin ba wuta.

A samar da gajeriyar lamba ta kyauta, hukuma ta biya kamfani kai tsaye. A sa ƙaramin sola. Ba sai an yi dogon taro a kan wannan ba.

Batun sabis ya fi wuya. A watan Satumbar 2021 an katse layukan waya a Zamfara saboda matsalar tsaro, daga baya abin ya shafi wasu ƙananan hukumomin Katsina, Sakkwato da Kaduna, aka yi makonni babu kira babu saƙo. Yankunan da suka fi buƙatar a ji halin da suke ciki su ne suka yi tsit. Wannan ya isa dalilin da zai sa kada a taɓa dogara da waya kaɗai. Ya kuma isa dalilin da zai sa a daina sa sunan ungozoma a jerin waɗanda ba su turo rahoto ba kafin a tambayi ko garinsu na da sabis a makon.

Wa ke can ɗaya ɓangaren?

Na tambayi yayata abin da ya fi ɓata mata rai a wannan harka. Na zaci za ta ce kati ko yawan aiki.

Ta ce, "Ƙanena, ka tura cewa allurar tsayar da jini ta ƙare. Nan take amsa ta shigo, an karɓi saƙonki, mun gode. Mako ya zagayo ka sake turawa, mun gode. To ni godiyar zan yi wa mai zubar jini allura da ita?"

Na ce, "Yaya, to kin daina turawa ke nan?"

Ta ce tana turawa, amma ba da zuciyar da ta fara ba.

Wannan ita ce gaskiyar da binciken ko ungozomomi sun karɓi tsarin ba ya kamawa idan an yi shi mako biyu bayan horarwa, lokacin da kowa ke ɗoki. Mutum yana jefa guga a rijiya ne saboda yana sa ran ruwa, in ya yi ta jawo shi wayam zai nemi wani aikin.

Misalin Ruwanda ya isa a tsaya a kai. Sun fara gwada RapidSMS a gundumar Musanze, daga baya suka faɗaɗa shi zuwa duk ƙasar. Ma'aikatan lafiya na ƙauye suna yi wa kowace mai ciki rajista ta tes, kyauta, na'ura kuma tana tuna musu ranar awonta. Idan aka ga alamar haɗari, akwai saƙon gaggawa da ke tafiya kai tsaye ga asibiti da direban motar ɗaukar marasa lafiya. Wato an gina tsarin ne a kan cewa wani zai tashi ya yi wani abu. Duk da haka, da masu bincike suka dawo bayan shekaru suka auna, sun tarar saƙon shi kaɗai bai sauya abubuwa da yawa ba. Inda aka ga ci gaba shi ne gundumomin da aka haɗa shi da ƙarin horo, kayan aiki da sa ido.

A nan gida ma, shirin Abiye da gwamnatin Olusegun Mimiko ta fara a jihar Ondo a 2009 ya raba wa masu ciki wayoyi. Mutane sun fi tuna wayoyin, amma tare da su akwai ma'aikatan da aka ɗora wa alhakin bibiyar kowace mace, da abin hawa na ɗauko ta, da asibitin uwa da yara a Akure inda a lokacin ake haihuwa kyauta. Da wayar ce kaɗai, da babu wanda zai tuna da shirin.

Tsoron faɗin gaskiya

Akwai abin da ungozomomi ba sa faɗa a gaban manya. Idan mace ta rasu a hannunki kika tura saƙo nan take, wa zai fara kira? Mai son sanin abin da ya faru don a gyara, ko mai rubuta takardar tuhuma?

Tsarin bibiyar mutuwar mata da jarirai da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shimfiɗa, wanda Nijeriya ta ɗauka, ƙa'idarsa ita ce ba a kama suna, ba a ɗora laifi. A takarda haka yake. Amma idan ungozoma ta ga an kunyata abokiyar aikinta a taro saboda ta kawo rahoton mutuwa biyu, alhali wadda ta ɓoye nata an yaba mata, ta koyi darasi. Gobe mai jijjigar da ta cika a hanyar babban asibiti ba za ta shiga lissafin kowa ba. Saurin tes ba ya gyara wannan, sai ma ya sa lambar ƙarya ta isa Abuja da wuri. Haka kuma idan aka ɗaure kuɗin asibiti da yawan masu awo, kada a yi mamaki in masu awo sun yi ta ƙaruwa a waya, benci kuwa babu kowa.

Sai batun sirri, wanda ba ƙarami ba ne a garin da kowa ya san kowa. Wayar ungozoma tana shiga hannun 'ya'yanta, tana kwana a shagon mai caji. Saƙon da ke ɗauke da sunan mace da sakamakon gwajin ƙanjamau, ko sunan yarinyar da ta yi ciki ba aure, yana iya kashe aure ko ya jawo abin da ya fi haka. Kada suna ya shiga tes, lambar kati ta wadatar. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin waɗanda ake ba kariya ta musamman, kuma matar ƙauye tana da haƙƙi a cikinta daidai da matar Maitama.

A sayi magani da kuɗin mana

Wannan ce hujjar da nake girmamawa. Masu ita suna cewa asibitin da ba ruwa, ba wuta, ba firjin ajiye allura, me zai yi da tsarin tes? Da a ce dole sai an zaɓi ɗaya, ni ma magani zan zaɓa, in ƙara da ungozoma ta biyu.

Amma ba haka zaɓin yake ba. Sau da yawa maganin yana nan a ma'ajiyar jiha yana jiran ranar lalacewarsa, asibitin da ke nemansa kuma yana da nisan awa biyu, babu wanda ya haɗa su. Yuganda ta gane haka, shi ya sa tun 2011 ta fara tsarin mTrac, inda ma'aikatan asibiti ke turo adadin maganin zazzaɓin da ya rage musu duk mako ta tes. Sanin inda abu ya ƙare shi ne matakin farko na kai shi, kuma kuɗin saƙonnin shekara guda bai kai na taron bita ɗaya a babban otal ba.

Zan ma ƙara da cewa a faɗaɗa abin ya wuce bangon asibiti. Tunda yawancin matanmu a gida suke haihuwa, ungozomar gargajiya da ake kira ta yanke cibi ita ce ke fara ganin jinin da ya ƙi tsayawa. A ba ta lamba ɗaya da za ta danna, ta asibiti ta sani, direba ya sani. Amma kada a fara sai an tabbatar akwai direban, akwai mai a motar.

Kullum ana fitar da jadawalin asibitocin da suka turo rahoto a kan lokaci da waɗanda suka makara, ana karanta shi a taron wata. Ina kira ga kwamishinonin lafiya da shugabannin hukumomin lafiya matakin farko na jihohinmu su fitar da ɗaya jadawalin su ma: saƙo nawa na ƙarewar magani ya shigo a watan, nawa aka kai wa magani, cikin kwana nawa; kiran gaggawa nawa aka yi, mota ta je wa nawa. A manna shi a sakatariyar kowace ƙaramar hukuma, kusa da wancan, da sunan ofishin da ke da alhakin kowane layi.